Tafiyarmu Gana da Jaka a Baya

A makon jiya uwargida tana kakkaɓe tsohon akwatina, sai ta ci karo da wani ɗan littafin aljihu da ruwa ya taɓa. Ta ce, "Maigida, in jefar?" Na ce a'a, miƙo shi nan. Littafin lissafin kuɗin tafiyarmu ƙasar Gana ne, ni da wani abokin aikina, a dogon hutun damina na shekarar 2007, tun muna samari ba mu ajiye iyali ba.

Shirinmu na mako uku ne. Kowa da jakarsa a baya, riga uku, mayafi, tocila, fasfo da katin allurar shawara. Biza kuwa ba a neman ta wurin ɗan Afirka ta Yamma in zamansa bai wuce kwana 90 ba. Muka haɗa abin da muka tara wuri guda, aka naɗa ni ma'aji, wai don ni ne mai koyar da lissafi.

Daga Legas muka bi ta Kwatano da Lome, har muka kai Aflawo, bakin iyakar Gana. A watan Yuli na shekarar nan Gana ta sake kuɗinta, tsohuwar sidi 10,000 ta zama sabuwa ɗaya, ana kuma kashe su duka biyu har ƙarshen shekara. Abokina ya tsaya tsaron jakunkuna, ni kuwa na tafi wurin wani ɗan canji. Sidi 200 ya kamata ya ba ni. Ya ƙirga mini 140 sababbi, ya ɗora takardun tsohuwar 10,000 guda shida, ya ce ga cikon 60 nan. Na cire sifiri uku a kaina, na ga daidai ne, har na yi masa godiya. Ashe huɗu ake cirewa. Sai da muka sauka Akara na je biyan kuɗin ɗaki na gane sidi 6 ya ba ni a maimakon 60. Fiye da rubu'in kuɗinmu ya tafi tun ba mu ga komai ba.

To, a nan na yi babban kuskuren, wanda ya fi na sifirin. Na yi shiru. Kunya ta hana ni faɗa. Sai na shiga tsimi ba gaira ba dalili. Abokina ya ce mu ci nama, in ce tafiya da sauran nisa. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake, wadda mutanen can suke kira wace, sunan da suka aro daga bakinmu. Mota kuwa sai ƙananan bas ɗin nan da ake ce wa turo-turo, mu zauna jaka a cinya, gwiwa tana dukan kujerar gaba. Muka ga ganuwar Elmina da mutanen Fotugal suka gina a 1482, muka shiga ɗakunan duhu inda ake tsare bayi kafin a zuba su cikin jirgi. Muka yi kwana biyu a zangon Kumasi, muka ɓace cikin kasuwar Kejetiya. Duk wannan na gan shi da rabin hankali, ɗaya rabin yana cikin aljihu.

Asirina ya tonu a Yeji, bakin tafkin Bolta, inda muka yini muna jiran jirgin fito. Na tafi kewayawa na bar littafin a kan jaka. Da na dawo sai na tarar da shi a hannun abokina. Ya ce, "Malam, ina sidi 54?" Na ba shi labari daga farko. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce kuɗin bai dame shi ba, kowa ana iya cutarsa. Abin da ya ƙona masa rai shi ne kwana tara yana zargin kansa da haɗama duk lokacin da ya ji yunwa, alhali ni na san dalili. Ban sami amsa ba. Muka haye tafkin nan, shi a wannan gefen jirgi, ni a wancan, kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na tabbata a raina in mun koma gida zumuncinmu ya ƙare ke nan.

Daga Makango, inda jirgin ya sauke mu, muka shiga mota zuwa Salaga. Muka isa da almuru, ba mai yi wa wani magana. Muna tambayar masauki mai araha sai wani dattijo ya ji Hausarmu, ya ce, "Samari, daga ina?" Muka faɗa masa. Ya ce kakansa daga Kano ya zo da jakuna, saboda haka ba za mu kwana a ɗakin haya ba. Ya shimfiɗa mana tabarma ɗaya a zaurensa, aka kawo tuwo a kwano ɗaya. Wuya ne mutum biyu su ci gaba da gaba da hannu a kwano guda, ga kuma mai gida yana kallo.

Kashegari Baba ya zaga da mu. Nan ce Gwanjar da muke ji a bakin tsofaffi, inda fatakenmu suke kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar. Ya nuna mana rijiyoyi birjik, ya kai mu wani wuri da ake kira Wankan Bayi, inda ake wanke mutane kafin a fito da su kasuwa. Sunan da Hausa yake, ba wanda ya fassara mana. A Elmina na tsaya ina ganin laifin Turawa, haka kuma nake koya wa yara a aji. A nan kuwa sai na rasa inda zan sa idona. Tun daga shekarar nan, in na zo darasin cinikin bayi, nakan ambaci Salaga tare da Elmina. Kuma da kuɗinmu a cike yake, da babbar mota muka shiga daga Kumasi sai Tamale, ba mu bi ta nan ba.

Da za mu tashi, na miƙa wa Baba 'yan kuɗi, ya tura hannuna, ya ƙara mana da goro biyar. A tasha abokina ya ce, "Kawo littafin." Na ba shi tare da sauran kuɗin. Ya zauna ya yi lissafi a fili, ya ce Tamale za mu iya, kadojin Faga kuwa sai wani jiƙon, yau kuma za a ci tsire ko da gobe za a kwana a benci. Haka aka yi, har da kwanan bencin, a tashar Kumasi. In kun buɗe littafin, daga shafi na goma sha ɗaya rubutun hannunsa ne.

Shi ya yi mini abokin ango bayan shekara uku. Har yau in ya zo gidanmu, kafin ya zauna sai ya kira 'ya'yana ya ce, "Ku tambayi babanku, sifiri nawa ne a cikin dubu goma?"