Kada Kiɗa Ya Haɗiye Waƙa: Shawara Kan Zaɓen Mahaɗin Sauti Mai Kafofi Da Yawa

Duk wanda ya taɓa zama ya juya waƙar baka daga kaset zuwa takarda ya san wahalar da ke cikin aikin. Sau da yawa ɗalibi zai maimaita ɗa guda na waƙa sau goma bai tantance abin da makaɗi ya faɗa ba, ba don rashin jin Hausa ba, sai don kalangu ko kotso ya danne muryar jagora, 'yan amshi sun shigo tun bai dire ba, ga kuma sanƙira yana kirari a kansu duka. Abin da ya haddasa haka shi ne makirufo guda ɗaya aka sa ya kwashi dukkan waɗannan sautuka ya cakuɗa su wuri ɗaya, kuma abin da aka dama tare ba a iya tsince shi daki-daki. A yau akwai maganin wannan matsala, wato mahaɗin sauti mai kafofi da yawa, wanda ma'aikatan sitidiyo ke kira sawun-kad. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, mu manazarta harshe da adabi, bai kamata mu zaɓi wannan na'ura bisa ga sunan kamfani ko kyan akwati ba, sai bisa ga abu biyu: yawan bakunan da za mu ɗauka, da irin wurin da za mu ɗauke su.

Aikin mahaɗin sauti shi ne ya karɓi ɗan raunanan sigina da ke fitowa daga makirufo, ya ƙarfafa shi da wata ƙaramar amfilifaya, sa'an nan ya mayar da shi lambobi waɗanda kwamfuta ko wayar hannu za ta iya adanawa. Idan yana da kafofi da yawa, kowane makirufo zai sami nasa layi dabam, ta yadda daga baya mai nazari zai iya rage kiɗa ya ɗaga muryar jagora, ko ya saurari 'yan amshi su kaɗai. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1979 kamfanin TEAC na ƙasar Japan ya fito da Portastudio, mai ɗaukar layi huɗu a kan kaset na gama-gari. Abin da ya sauya shi ne na'urorin sun ƙanƙance, sun kuma zo kusa da aljihun sashe, har ma da na ɗalibi.

To, sai mu fara da ƙidaya. Makaɗi irin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai ne da kuntiginsa, don haka kafa biyu ta wadatar da mai ɗaukar irinsa: ɗaya ga baki, ɗaya ga abin kiɗa. Haka kuma hira da tsoho guda a zaure, ko karatun rubutacciyar waƙa a ɗaki. Amma ƙungiya irin ta marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko ta Musa Ɗanƙwairo, ko ta mata masu amada irin su Barmani Coge, wani abu ce dabam. A nan ana bukatar makirufo ɗaya ga jagora, ɗaya ko biyu ga 'yan amshi, ɗaya ga makaɗa, sa'an nan biyu da za a kafa can baya su kwashi amon dandali gaba ɗaya. Kafa shida ke nan. Wanda ya tafi irin wannan taro da na'ura mai kafa biyu ya koma gidan jiya, ko da kuwa nawa ya saye ta.

A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido, domin lambar da ke jikin akwati ba ita ce yawan makirufon da zai ɗauka ba. Alal misali, Scarlett 4i4 na kamfanin Focusrite sunansa yana nuna kafar shiga huɗu, amma biyu kawai ke karɓar makirufo, sauran biyun na kayan da suka riga suka ƙarfafa sautinsu ne, kamar fiyano mai wuta. Babban yayansa, Scarlett 18i20, makirufo takwas yake karɓa, ragowar kafofin na ADAT da S/PDIF ne, waɗanda ba su amfanuwa sai an sayi wata na'urar an jona. Wannan ba yaudara ba ce, haka masu ƙera su suke lissafi, amma ɗalibin da bai sani ba zai yi zaton ya sayi raƙumi alhali akalarsa ya riƙo. Ramukan nan masu haƙora uku, waɗanda ake kira XLR, su ne abin ƙidayawa.

Magana ta biyu ita ce wuta, kuma a ƙasarmu ita ce uwar magana. Ƙaramin mahaɗi mai kafa biyu yana samun wutarsa daga kwamfuta ta igiyar USB. Amma ramin USB 2.0 bolt 5 da miliyamfa 500 yake bayarwa, abin da ba zai ciyar da amfilifaya takwas ba, shi ya sa manyan na'urori sai an sa su a soket. A ɗakin karatu wannan ba wani abu ba ne muddin akwai lantarki. A ƙauye fa? In aka ce a tayar da janareta, ƙugin janaretan zai shiga kowane makirufo ya zauna daram a cikin waƙar har abada. Saboda haka ina ganin na'urar da ta fi dacewa da mu ita ce mai fuska biyu, wadda take rikoda ce mai cin gashin kanta a daji, in an komo gida kuma a jona ta da kwamfuta ta zama mahaɗin sauti. Zoom H6, wanda ya fito a 2013, irin wannan ne: yana da ramin makirufo huɗu, da tagwayen makirufo a kansa, yana ɗaukar layi shida a kan katin SD, yana kuma aiki da ƙananan batura huɗu irin waɗanda ake samu a kowace kasuwar ƙauye. Ban ambace shi don talla ba, sai don ya zama ma'auni.

Akwai kuma batun irin makirufon da za a jona. Nau'in kondensa yana da kaifin ji, amma yana bukatar wutar bolt 48 daga mahaɗin, abin da ke saurin cinye batir, kuma ba ya son ƙurar hunturu ko laimar damina. Nau'in dainamik, kamar Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966, ba ya bukatar wannan wuta, yana jure wahala, kuma in an kusanta shi da baki yana fifita murya a kan abin da ke kewaye. Shi ya fi dacewa da jagora. Game da ingancin ɗauka kuwa, ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a gaza kilohaz 48 da bit 24 ga abin da ake son adanawa. A wannan ma'auni layi ɗaya yana cin kimanin megabait 518 a awa guda, layi shida kuma ya ɗara gigabait 3, don haka a tanadi kati tun kafin a bar gida. Tun ran gini ran zane.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu abin dubawa ce. Wasu za su ce wayar hannu ta isa. Na yarda ta isa ga hirar mutum ɗaya a wuri mai shiru, amma ba ta isa ga karɓeɓeniya tsakanin jagora da yaransa ba, inda mai nazari yake son sanin wa ya fara ɗa, wa ya yi ƙari, wa ya cike. Wasu kuma za su ce jibga wa makaɗi igiyoyi zai ɗaure shi, ya mayar da dandali sitidiyo, alhali makaɗi mai yawo ne a fage. Wannan gaskiya ce, shi ya sa na ce a ware kafa biyu su kwashi taron yadda yake, da guɗarsa da sowarsa. Kuma kada wani ya ɗauka rabewar za ta cika, domin kalangu zai leƙa cikin makirufon jagora ko an ƙi ko an so. Sai dai tun da ƙarfin sauti yana raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka, makirufon da ke dab da baki zai ji kalma fiye da ganga. Wannan 'yar rata ita ce tsakanin jin kalma da cankar ta.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce sayen kaya. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma kalma guda da aka ji ba daidai ba tana iya juya ma'anar ɗa gaba ɗaya, ta shiga kundin digiri, wani ya kwafa, kuskure ya zama gado. Tsofaffin makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya ba mu da yadda za mu yi da faya-fayansu, sai haƙuri da abin da aka bar mana. Amma waɗanda ke raye a Sakkwato da Katsina da Damagaram da Maraɗi, ba mu da hujjar ɗaukar su a cakuɗe.

Daga ƙarshe, ina roƙon malamanmu da su duba yiwuwar sashe ya mallaki na'ura mai kafa shida ko biyu irinta, da makirufonta da igiyoyinta, a riƙa ba ɗalibai aro idan za su fita bincike, a kuma koyar da sarrafa ta cikin darasin dabarun bincike. Ɗalibi kuwa da zai sayi tasa, ya fara ƙidaya bakuna, ya tambayi kansa ko akwai wuta inda za shi, kafin ya tambayi farashi. Daidai ruwa daidai tsaki.