Maigida, riƙe kalmar sirrin kwamfutarka

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a kwanakin nan shi ne magidantan Damagaram da ke saya wa 'ya'yansu kwamfuta don karatun lakwal, sannan su miƙa musu kalmar sirrin babban asusu saboda wani wasa ya ƙi buɗewa. Yaro ya dame shi da magiya, uba ya gaji, sai ya faɗa masa. Daga ranar, abin da yaron ya ga dama shi zai shiga kwamfutar.

Windows tana da asusu iri biyu: na babba, mai ikon sakawa da gogewa, da ƙarami, wanda ya dace da irin waɗannan yaran. Tun daga Windows Vista a 2007, in ƙaramin asusu ya nemi saka manhaja, akwati ke fitowa yana neman kalmar sirrin babba. Wannan akwatin ba alamar lalacewa ba ce. Manhajar da babba ya saka wa kowa tana buɗewa lafiya lau a asusun yaro. Tsofaffin wasanni ne ke gardama, don suna son ajiye bayanansu cikin Program Files, inda ba a ba ƙaramin asusu izinin rubutu ba. To, a ba da izini kan wurin wannan wasan kaɗai, ko uba ya taso ya buga kalmar da hannunsa. Sarki Tanimun da ya zagaye Birnin Damagaram da ganuwa ai ya bar mata ƙofofi, amma bai raba wa kowa mabuɗi ba.

Masu gyaran kwamfuta kuwa, haushinsu ya fi ci na. Ka kai musu na'ura don ƙaramar matsala, su dawo maka da ita cike da wasannin sata, har da GTA, wanda masu shi da kansu suka rubuta cewa na manya ne. Wai kyauta suka yi maka! Asusu ɗaya tak suke bari, na babba, ba ko kalmar sirri. Sau da yawa ma sai sun kashe kariyar na'urar kafin wasan satar ya yarda ya shiga, kuma ba za su gaya maka ba. Ka ce a buɗe wa yaro nasa asusun, su ce: "Alhaji, wahala ce kawai, bar shi haka." Wahalar wa? Aikin minti biyar ne. An karɓi jikkunanka, an bar ɗanka ɗan shekara goma da harbi da satar motoci a gabansa, ga ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke biyo irin waɗannan wasanni.

Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa za a tambayi kowane uba game da iyalinsa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma uban da ke fada yana shan shayi har tsakar dare, idonsa a kan TikTok, yaushe zai san abin da ɗansa ke bugawa? Wasu ma sun sakar wa yara waya ba tare da sun taɓa buɗe manhajar Family Link ba, alhali kyauta ce, tana ƙayyade lokaci, tana hana saukar da manhaja sai da yardar uba. In sakamakon jarrabawar BEPC ya fito yaro ya faɗi, sai ka ji ana zagin mushe.