Ra'ayinmu: A auna yaro kafin a biya masa kuɗin tafiya ƙwallon kwando

Wasan ƙwallon kwando ya samu gindin zama a tsakanin 'yan makarantun sakandare na N'Djamena, kuma ƙungiyar ƙasar Chadi kanta ta halarci gasar cin kofin Afirka da aka yi a Madagaska a shekarar 2011. Shi ya sa a yau ɗan kasuwar da Allah Ya ba ɗa dogo, ko a Babbar Kasuwa yake, ko a Kasuwar Gero, ko a tsallaken gadar Ngueli a Kusiri, ba ya rasa mai raɗa masa cewa: "Alhaji, wannan yaron naka ai jami'ar Amurka ce ta dace da shi." Daga nan sai maganar kuɗin takardu da na jirgi ta biyo baya.

Babu laifi uba ya yi wa ɗansa buri. Abin da muke tsoro shi ne cinikin biri a sama, inda za a kwashe jarin shekara da shekaru a miƙa wa dillali, alhali ba wanda ya auna ko yaron ya isa.

Masu wannan raɗa sukan kafa hujja da 'yan Kamaru maƙwabtanmu, Joel Embiid da Pascal Siakam, amma ba sa ba da labarin duka. Embiid ya bar Yawunde a 2011, sai da ya yi shekara biyu a sakandaren jihar Florida, har ya sauya makaranta saboda ba ya samun damar wasa sosai a ta farko, kafin ya shiga Jami'ar Kansas a 2013. Siakam, ɗan Duwala, ya shiga jami'ar jihar New Mexico a 2013, ya yi shekarar farko bai buga gasa ba, kuma da mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota a 2014 bai samu zuwa jana'iza ba saboda matsalar biza. Ko Hakeem Olajuwon, da ya tashi daga Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980, bai buga wasa a shekararsa ta farko ba. Idan waɗannan zakaru sai da suka jira, ina ga yaron da bai taɓa karawa da kowa ba sai 'yan unguwarsu?

A ganinmu akwai ma'auni huɗu da ya kamata uba ya ɗora ɗansa a kai.

Na farko karatu. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ba ta barin ɗalibi ya buga wasa a rukunin farko sai ya kammala darussa 16 da ta ƙayyade a shekarun sakandare, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, kuma sai an fassara sakamakonsa zuwa Turancin Ingilishi. Yaranmu da Faransanci ko Larabci suke karatu. Wanda bai kama hanyar cin bakaloriya ba, kuma ba ya jin Ingilishi, ko ya kai rufin ɗaki tsawo bai shirya ba.

Na biyu shekarun haihuwa. Kada uba ya yarda a rage wa ɗansa shekaru a takarda, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2016 hukumomin Kanada sun kama wani ɗan Sudan ta Kudu mai shekara 29 da ke buga wa wata sakandare a garin Windsor wasa a matsayin ɗan shekara 17. Hoton yatsunsa ne ya tona asiri.

Na uku wasan kansa. Tsawo kyauta ce daga Allah, ba gwaninta ba ce. A jami'a minti 40 ake yi ana gudu ba kama hannun yaro, kuma a cikin daƙiƙa 30 dole ƙungiya ta jefa ƙwallo. Shin yaron yana sarrafa ƙwallo da hannun hagu kamar na dama? Yana jefawa daga nesa ta shiga bayan ya gaji? Yana iya tsare abokin karawar da ya fi shi sauri? Amsar tana wurin kociyan da ba shi da ko sisi a cikin tafiyar, da kuma faifan bidiyon wasa cikakke tun daga farko har ƙarshe, domin faifan minti biyu da aka tsince wuraren burgewa tamkar buhu ne da aka zuba mai kyau a baki.

Na huɗu hali. Yaron da sai an tashe shi sallar asuba, ko yake fushi in an yi masa gyara, yaya zai yi a ƙasar sanyi inda ba uwa ba uba, ga aji da safe, ga horo da yamma?

Ko yaro ya cika waɗannan, akwai sauran rina a kaba. A watan Yunin 2025 Amurka ta sanya Chadi cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, har da ɗalibai, sannan a Disamban wannan shekara ta ƙara Nijar, ta kuma taƙaita bizar karatu ga 'yan Nijeriya. Don haka duk wanda ya ce ku kawo kuɗi biza na hannunsa, ku fara zuwa ofishin jakadanci ku ji inda doka ta tsaya. Ku kuma sani cewa a can ma akwai 'yan damfara: a 2019 wata kotu ta ɗaure shugabar wata makaranta a birnin Charlotte saboda shigo da yara 'yan wasa daga ƙetare da takardun karatu na bogi. Jami'ar da ke son yaro da gaske da sunanta take rubuto wasiƙa, ba ta aiko ɗan tsakani ya karɓi kuɗi a rumfa.

Ba kuma dole ne a fara da Amurka ba. Tun 2017 hukumar NBA ta buɗe makarantar horar da matasa a Senegal, a 2021 kuma aka fara gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a Kigali. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya shugabanci ƙungiyar Toronto lokacin da ta ci kofin NBA a 2019, ya daɗe yana shirya sansanonin horo a Afirka ƙarƙashin Giants of Africa. A irin waɗannan wurare ne ake sanin matsayin yaro a gaban tsararsa. A tuna kuma cewa 'yan wasa 60 kacal NBA ke zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya. Ribar da ta tabbata a wannan ciniki ita ce digiri.

Muna kira ga hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da shugabannin makarantu su riƙa shirya gasa tsakanin sakandare a kai a kai, suna ajiye sakamakon kowane yaro. Shugabannin 'yan kasuwa kuma su riƙa faɗakar da jama'arsu. Ku kuwa iyaye, yadda ba ku biyan kuɗin kaya sai kun kwance kun gani, haka za ku yi da makomar 'ya'yanku. Allah Ya sa mu dace.