Sabon Batir Ba Hujja Ba Ne

Wata rana cikin bazara, sa'ad da zafi ya kai intaha, na shiga wani ɗan shagon buga takardu a Karkarna, hedikwatar ƙaramar hukumar Yankwashi, domin a buga mini wasiƙa, sai na tarar da saurayin da ke kula da shagon ya yi tagumi, allon madannan kwamfutarsa, wanda samari ke kira kibod, yana kife bisa cinyarsa, mutum uku kuwa na zaune a benci kowa riƙe da takardarsa. Allon irin mara wayar nan ne. Bayan mun gaisa ya ce, "Wallahi Baba, da safe yana aiki, sai dai yana tsallake harafi. Na sayo sabon batir na sa masa, shi ke nan ya yi shiru. Gobe sai na hau mota zuwa Kazaure na sayo wani." Na ce, "Ɗana, mece ce shaidarka cewa allon ne ya mutu?" Ya ce, "Ai batirin sabo ne, Baba."

Wannan jawabi nasa shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ke bayar da shi ba, kuma a kansa ne ake yi wa kayan aiki masu yawa jana'iza alhali da ransu. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna koyar da cewa da'awa daban, bayyina daban, kuma alƙalin da ya san haƙƙin kujerarsa ba ya zartar da hukunci sai ya bi sababi ya gano illa. To, idan abu yana aiki da hantsi, aka taɓa shi da azahar, ya tsaya, hankali da ƙiyasi duka suna nuna cewa wanda ya cancanci a fara tuhuma shi ne abin da aka sauya, da hannun da ya sauya shi, da gurbin da aka sa shi. Allon kansa shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda za a gurfanar.

Ledar da ke jikin batir tana shaida cewa ba a taɓa amfani da shi ba, amma ba ta shaida cewa da ƙarfi a cikinsa. Batirin da ake sa wa waɗannan alluna, ko matsakaicin nan AA ko siririn AAA, ƙarfinsa bolt 1.5 ne ranar da ya fito daga masana'anta; amma wanda ya yi watanni bisa teburin mai tireda, rana na dukansa tun daga hantsi har la'asar, musamman mai arhan nan na gawayi da tutiya, yakan zube ƙarfinsa a hankali yana cikin ledarsa, domin zafi na gaggauta cin da batir ke yi wa kansa. Wanda ake caji kuwa bolt 1.2 yake bayarwa, kuma akwai allunan da ba su gamsuwa da shi. Saboda haka matakin farko shi ne a gwada batirin a tocila ko rediyo, kada kuma a haɗa tsoho da sabo a gurbi ɗaya, don tsohon zai janye sabon, ƙila ma ya yi yoyo. Sai a duba zamansa: gindin da yake shafaffe shi ke bin sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke cikin gurbin, kai mai tsini ya fuskanci alamar tarawa, kuma sau da yawa batir biyun kan kwanta ne ɗaya kai gabas ɗaya kai yamma, abin da mai gaggawa ke saurin mantawa.

Batirin saurayin nan lafiyarsa lau, ya kunna tocila tar. Da muka kai allon bakin ƙofa inda haske yake, sai ga illar a fili: wani farin gari ya daskare a kan sifirin kamar gishiri, sifirin kuma ya lotse har ba ya tokarar batir sosai. Wannan gari yoyon tsohon batir ne irin wanda ake rubuta wa Alkaline a jiki, kaifinsa ɗan'uwan na ruwan toka ne, shi ya sa tsami ke kashe shi. Aka aiki yaro ya sayo lemon tsami, muka naɗa auduga a tsinke, muka ɗiga kaɗan, muka goge har ƙarfen ya yi ƙyalli, muka bari ya bushe sarai, sa'an nan saurayin ya ɗan miƙe sifirin da farce. Ya mayar da batir, ya tura makunnin da ke ƙarƙashin allon, 'yar fitila ta yi ƙifta. Ya danna harafi, shiru.

A nan ne mafi yawan mutane ke yanke ƙauna, alhali an ci rabin tafiya. Allo mara waya yana magana ne da wani ɗan makarɓi, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, da ake sokawa a kafar USB, ta igiyar rediyo mai gigahaz 2.4, kuma tsakaninsu akwai sanayya ta musamman wadda, a wasu alluna, takan yanke idan wuta ta ɗauke musu. Maganinta shi ne a zare makarɓin, a ɗan jira, a mayar, a danna ɗan maɓallin haɗawa idan allon na da shi. Mai amfani da Bluetooth kuwa sai a share sunansa daga kwamfutar a sake gabatar da su ga juna. Ya kamata kuma a sani cewa kafar USB 3.0, mai shuɗin ciki, tana fitar da hayaniyar da ke dagula wannan igiya, kamar yadda kamfanin Intel ya bayyana a 2012, don haka dawo da makarɓi daga bayan akwatin kwamfuta zuwa gabansa kaɗai yakan warware mas'alar. Abin da muka yi ke nan, haruffa kuwa suka fara fitowa. Da ba su fito ba, da sai mu gwada allon a wata kwamfutar, domin ita ce shaidar da ke raba gardama.

Abin da ke damuna shi ne, ana irin wannan kuskure alhali ƙasar nan tamu ba ta rasa makarantu ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, akwai kuma cibiyar koyon fasahar sadarwa ta jihar Jigawa, kuma tun daga 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan bisa kwamfuta, babu ɗalibin Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura da zai nemi jami'a bai ɗora yatsu a kan madannai ba. Ana koya musu bugu, wannan abin godiya ne. Roƙona ga malamansu shi ne su ware ko da darasi guda na tahƙiƙi, a miƙa wa yaro allon da aka ɓata da gangan, a ce ya gano illarsa daki-daki. Yaron da ya koyi wannan zai yi amfani da shi a kan janareto da famfon ban ruwa da batirin sola.

Ga masu shaguna a karkara kuma, ra'ayina shi ne kowa ya ajiye allo mai waya guda ɗaya, domin ba ya cin batir, ba ya mantuwa, kuma shi ne zai riƙe aiki ranar da ɗan'uwansa ya yi gardama. Jefar da abin da lemon tsami ɗaya zai gyara israfi ne, balle a haɗa da kuɗin mota da yinin da za a rufe shago, da mutanen da za su koma gida takardunsu ba a buga ba.

Kafin a kira la'asar saurayin ya buga wa mutum ukun nan nasu, ya buga mini tawa. Da zan fita na ga tsofaffin batiran yashe a bakin ƙofa, inda yara ke wasa, na ce ya tsince su. Ya zuba su cikin gwangwanin madara, ya ɗora bisa kanta, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."