Gungun Kwamfutoci a Gari Ɗaya: Darasi Daga Gadarif

A farkon Fabrairu 2024 layukan MTN, Sudani da Zain suka ɗauke a faɗin Sudan. Gadarif, garin riɗi da dawa da ke gabashin ƙasar, inda Hausawa suka daɗe da zama, ba ta cikin fagen yaƙi a lokacin, amma ita ma ta yi tsit. Garin na cike da mutanen da suka tsero daga Wad Madani a Disamba 2023, kuma da yawansu da manhajar Bankak ta Bankin Khartum suke karɓar kuɗin da dangi ke turo musu. Da layi ya ɗauke, mai kuɗi a asusu ya rasa na cefane.

Tushen matsalar yana Khartum, inda kamfanonin suka tara manyan kwamfutocinsu, waɗanda ake kira uwar garke. Akan haɗa irin waɗannan kwamfutoci su zama gungu: su raba aiki tsakaninsu, kowace ta riƙe kwafin bayanan 'yar'uwarta, idan ɗaya ta mutu saura su ɗauki nauyinta. Mai kula da gungun kuwa ba sai ya shiga ɗakin da suke ba. Yana da shafin gudanarwa a intanet, irin na Proxmox ko WebLogic, inda yake ganin wadda ta gaji, ya tsayar da wata, ya mayar da aikinta kan wata.

Wannan sauƙi yana da ruɗi. Shafin zai nuna kwamfutoci goma lafiya lau, alhali rufi ɗaya ya rufe su, wutar lantarki ɗaya suke sha. Gungu yana maganin lalacewar na'ura guda, amma ba ya maganin wanda ya ƙwace ginin. Manomin da ya jera rumbuna goma a gida ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi. Shi ya sa layin bai dawo ba sai da kamfanonin suka kafa sababbin cibiyoyi a Bur Sudan, aikin da ya ci wa wasu makonni.

Saboda haka duk banki, jami'a ko asibitin da ke alfahari da gungunsa, ya kamata a tambaye shi abu uku. Akwai gungu na biyu a wani gari mai riƙe da kwafin bayanan? An taɓa kashe na farko da gangan don a ga ko na biyun zai tashi? Su wa ke riƙe da mabuɗin shafin gudanarwa? Tambaya ta uku ba ƙarama ba ce, domin shafin ƙofa ɗaya ce zuwa ga komai: kalmar sirri kaɗai ba ta isa tsaronsa ba, kuma bai dace mutum ɗaya tak ya san hanyar shigarsa ba.

Masu ja za su ce gungu biyu kashe kuɗi ne ninki biyu, ga tsadar man janareta. Gaskiya ne. Sai dai idan ba a biya tun farko ba, talakan da ya tsaya gaban mai shago da waya a hannu shi ke biya daga baya. Hukumomin Kano, Sakkwato da Maraɗi da ke mayar da albashi da takardun ɗalibai kan kwamfuta su dubi Gadarif. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa na gida ruwa.