Da Me Za Mu Kwana a Hunturun Bana?

'Yan'uwa, daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu iskar hunturu takan sauko mana daga hamada, ta zo da hazo da ɗari. A nan Kakau da sauran ƙauyukan Chikun rana takan yi zafi da tsaka, amma kafin asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 15, wani dare ma ƙasa da haka. Lokacin nan ne kuwa mutanenmu da yawa suke kwana a waje. Manomi yana gadin dawa da shinkafa a masussuka, samari suna sintiri, yaran Boys' Brigade da Girls' Brigade sun fita sansani, mata sun tafi taron zumunta suna kwana a ajin makaranta. Ga kuma 'yan'uwanmu waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, suna kwance a kan siminti a gidajen dangi.

Abin da yawancinmu muka saba yi in ɗari ya matsa shi ne mu shigar da kaskon gawayi ɗaki, mu rufe ƙofa da taga, mu toshe kowace kafa da tsumma. Ra'ayinmu shi ne a bar wannan al'ada ɗungum, a koyi yadda za a sa tufafi a kwana da ɗumi.

Ga dalilinmu. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yakan fid da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ko hayaƙi ba a gani. In ta shiga jini takan kama wurin iska mai rai, gama jini ya fi riƙe ta fiye da sau 200. Mai barci ba ya sanin abin da ke faruwa, sai dai barcinsa ya ƙara nauyi. In gari ya waye aka tarar da iyali kwance, sai a ce mayu ne, ko kuwa an sa musu wani abu a tuwo, alhali kaskon yana nan a gefen gado. Janareta ma haka yake yi in an tashe shi cikin ɗaki ko a bakin taga. Wanda ya farka da ciwon kai da jiri da amai a ɗakin da aka kwana da wuta, a fid da shi fili nan da nan, a buɗe ƙofa da taga, a kai shi asibiti.

To, in an fid da kasko, da me za a ji ɗumi? Allah ya riga ya sa wa kowa murhu a jikinsa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne dare da rana, abincin da muka ci shi ne itacensa. Riga da bargo ba su kawo zafi, aikinsu kawai su tsare iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu. Wanda ya gane wannan ya gane sauran maganar duka.

Yanzu akan ga wani irin bargo mai zif a wurin 'yan gwanjo, wanda mutum yake shiga ciki kamar buhu. Samarinmu suna ce masa buhun barci, suna sayensa don sansani da gadi. Abu ne mai amfani, amma akwai wata magana da ke yawo cewa wai in mutum ya tuɓe ya shiga ya fi jin ɗumi. Wannan ba gaskiya ba ce. Kowace riga busasshiya da aka ƙara tana ƙara tsare ɗumi, muddin ba ta matse mutum a cikin buhun ba. Ko da buhun barci, ko da bargo, ko da gwado irin na kakanninmu, ka'idar ɗaya ce.

Da fari, a kwana da busassun kaya. Rigar da aka wuni ana sussuka da ita ta sha gumi, ko da hannu bai ji damshinta ba. Ruwa kuwa yana janye zafin jiki wajen sau 25 fiye da iska, auduga kuma in ta jiƙe ba ta saurin bushewa. Saboda haka a ware riga da wando da safa na kwana kaɗai, a ajiye su cikin leda, a canza kafin a kwanta.

Na biyu, riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu ita ce take tsare ɗumi. A sa riga mai dogon hannu a ciki, a ɗora suwaita ta ulu a kai. Ulu ya fi auduga, gama ko ya ɗan ji damshi yana nan da ɗuminsa. In dare ya yi tsaka aka fara gumi, a cire ɗaya, kada gumin ya zama sanyi da asuba. Kada a kwana da bel ko matsattsen wando ko safa mai matse ƙafa, domin suna hana jini gudu, ƙafar da jini bai kai mata ba kuwa ba ta ɗumi.

Na uku, a rufe kai da wuya da ƙafa. Kai shi ne yake zama a waje in sauran jiki ya shiga bargo, don haka hular sanyi da ɗan mayafi a wuya suna da babban aiki. Amma hanci da baki a bar su waje. Wanda ya cusa kansa cikin buhun barci, tururin numfashinsa zai jiƙa shi, kafin zakara ya yi cara yana rawar ɗari.

Na huɗu shi ne abin da aka fi mantawa da shi, watau shimfiɗa. Ƙasa da siminti suna tsotse zafin jiki fiye da iskar ɗaki, bargon da mutum ya danne da bayansa kuwa ba ya tsare kome. Bambaron shinkafa yana nan tuli a masussuka. A baza shi da kauri, ko a shimfiɗa kwali ko buhunan wofi, sa'an nan a ɗora tabarma. Gadon kara na iyayenmu dabara ce mai kyau, gama yana raba mutum da ƙasa.

A ci tuwo ko a sha kunu mai zafi kafin a kwanta. Burkutu da giya kuwa ruɗi ne. Sukan turo jini zuwa fata mutum ya ji kamar ɗumi, alhali zafinsa fita yake yi. Tsofaffi a sa musu ruwan zafi a gora mai murfi, a naɗe da zane, a ajiye wajen ƙafa.

Jarirai su ne ɗari ya fi yi wa illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a yi wa sabon jariri wanka sai bayan awa 24, a sa masa hula, a ƙara masa riga ɗaya ko biyu bisa abin da babba ya sa. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, a shekarar 1978, likitoci suka fara ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata a maimakon kwalba, yau kuwa ana bin wannan hanya a ƙasashe da yawa. Kada a sa jariri cikin buhun barci na manya, kada kuma a rufe masa fuska.

Wani zai ce, gawayi na ɗan kuɗi kaɗan ne, suwaita kuwa sai mai hali. Mun ji wannan, ba mu raina shi ba. Amma gawayin daren yau toka ne gobe, a lissafa na wata uku a gani. Suwaita da hula daga Kasuwar Barci a Tudun Wada ko kasuwar Kakuri za su yi shekaru, ƙane ya gāda daga wa. Wanda kuwa ba shi da ko wannan, nauyinsa yana kan ikkilisiya. A cikin Littafin Fitowa sura 22, doka ta hana a riƙe mayafin matalauci jingina har rana ta fāɗi, saboda da shi yake kwana. Allah ya kula da abin da matalauci zai rufa da dare, mu ma ya kamata mu kula.

Saboda haka muna roƙon dattawa da zumuntar mata a kowace majami'a su keɓe Lahadi ɗaya a watan Nuwamba don tara rigunan sanyi da barguna. Matan da suka iya saƙa su saƙa huluna da safa, masu keken ɗinki su ninke tsofaffin barguna biyu su ɗinke gefe da ƙasa, ga buhun barci ya samu. A fara rabawa da gwauraye da tsofaffi da waɗanda suka yi gudun hijira, Kirista da Musulmi, gama ɗari bai san addini ba. Shugabannin matasa kuma kada su bar yaro ya tafi sansani sai sun ga kayan kwanansa da idonsu. A ji ɗumin wuta a tsakar gida ana hira, in lokacin barci ya yi a kashe ta a can. Ubangiji ya kai mu bazara lafiya.