SHEƘIN WUYAN JITA DA JIN DAƊIN HANNUN MAKAƊI

Jita ba 'yar cikin ganuwar Zazzau ba ce. An fi jin amonta a Sabon Gari da Wusasa da ɗakunan ɗalibai a Samaru. Idan aka shigo ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana, kayan tsirkiyar da kunne ya saba da su su ne garaya da gurmi da kukuma. Amma akwai gardama guda da ta haɗa su duka, watau yadda ya kamata a gama gyaran sandar da hannun makaɗi ke kai da komo a kanta. Shin a shafe ta da man ƙyallin nan da kafintoci ke kira banish har ta riƙa ɗaukar ido, ko kuwa a bar ta dushi-dushi?

Mai saye a kasuwa da idonsa yake yanke hukunci. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan dai ido ya yi kuskuren awo. Abin da ya fi sheƙi ba shi ne ya fi sulɓi a hannu ba, kuma dalilin yana cikin fatar ɗan Adam.

Jikin mutum yana ɗauke da ƙananan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4, kuma tafin hannu da tafin ƙafa suna cikin wuraren da suka fi cunkoso, ɗaruruwa a cikin faɗin santimita ɗaya. Tafin hannu ba shi da gashi, ba shi da maɓuɓɓugar maiƙo irin ta fuska. Wani abin lura kuma shi ne, zufar tafin hannu ta fi amsa kiran fargaba da zumuɗi fiye da kiran zafin rana. Shi ya sa ɗalibi ke jiƙa takardar jarrabawa ko da a cikin sanyin Janairu ne, shi ya sa kuma makaɗin da ya tsaya gaban taron biki ke jin hannunsa ya yi danshi tun bai fara kiɗa ba.

Saman fata an gina shi ne da wani sinadari mai suna keratin, wanda da shi aka yi farce da gashi da ƙahon sa. In ya bushe yana da tauri, in ya sha ruwa sai ya yi laushi. A shekarar 2017 wasu masana, ciki har da na Jami'ar Birmingham a Ingila, sun auna abin da ke faruwa idan yatsa ya dafa gilashi. Da farko tsinin zanen yatsa kaɗai ke taɓa gilashin. Da yake gilashi ba ya shan ruwa, sai gumin ya rasa mafita, ya jiƙa keratin, fatar ta kwanta, wurin haɗuwar ya yi ta faɗaɗa cikin 'yan daƙiƙoƙi, kamun kuma ya ƙaru. Wuyan jita mai sheƙi ɗan'uwan gilashi ne. Babban yatsan da ke bayansa sai ya riƙa maƙalewa yana suɓucewa, yana maƙalewa yana suɓucewa, wani lokaci har da ƙara irin wadda ake ji in an goga jiƙaƙƙen yatsa a kan tangaran. Makaɗin da ke son ya tsallaka daga wannan murya zuwa waccan sai ya makara ko ya zarce.

Shafi mai dushi-dushi kuwa, sau da yawa man ɗaya ne, sai dai an zuba masa garin silika mai laushin gaske. In ya bushe sai ya bar tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke warwatsa haske har sheƙin ya mutu, su ne kuma ke hana fata kwanciya gaba ɗaya a kan itacen. Inda haɗuwa ta ragu, kamu ya ragu.

A nan ne ya kamata malaman makarantun sakandare su tsaya su yi nazari. Ana koya wa yara cewa abu mai kaushi ya fi gogayya, mai santsi ya fi zamewa, kuma faɗin wurin haɗuwa bai da tasiri, kamar yadda Bafaranshen nan Guillaume Amontons ya bayyana a 1699. Wannan doka tana aiki sosai idan katako ne a kan katako ko ƙarfe a kan ƙarfe. Fata da roba ba sa bin ta sau da ƙafa, domin suna lanƙwasa su bi siffar abin da suka taɓa. Yaron da ya haddace dokar ba tare da sanin iyakarta ba zai ci jarrabawa, amma ba zai iya faɗin dalilin da ya sa mai ƙirga kuɗi ke lasar yatsa ba. Gwajin kuwa ba ya bukatar ɗakin bincike. A sami gilashin taga da allon da aka goge da samfefa mai laushi, ɗalibi ya ja busasshen yatsa a kan kowanne, ya sake ja bayan ya hura masa iskar baki, sannan ya tsoma shi cikin ruwa ya kuma ja. Zai ga kamu ya fi ƙarfi a tsaka-tsaki, lokacin da yatsan ke da danshi kawai. In ruwa ya yi yawa santsi ne ke dawowa.

Masu goyon bayan sheƙi suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta. Itace yana shan raɓar iska yana kumbura, yana amayar da ita yana tsukewa. A Zariya, tsakanin lemar watan Agusta da hunturun da ke fasa leɓe da dunduniya, wannan kai-kawo yana iya lanƙwasa wuyan jita ko ya tsaga shi. Shafi mai kauri yana rage saurin shigar ruwa da fitarsa, kuma ya fi sauƙin gogewa in ya yi datti. Sai dai kariyar tana zuwa ne daga rufe itacen, ba daga ƙyallin ba. Shafi mai dushi-dushi ma yana rufewa. Haka kuma a lokacin hunturu, sa'ad da hannu ya bushe ƙayau, bambancin ba ya fitowa sosai, don haka wanda ya gwada jita a Disamba bai gwada ta ba tukuna, sai damina ta faɗi.

Masu sassaƙa bayolin a Turai, gogen da ake dafawa a ƙarƙashin haɓa, sun daɗe da raba gardamar. Sukan shafe gangar jikin kayan kiɗan ta yi ta walƙiya, amma bayan wuyan, inda hannu ke bi, sai su bar shi ba banish, illa ɗan abin da zai toshe ƙofofin itacen. Masu yin garaya da gurmi ma ba su saba lulluɓe sandar da fenti ba. Hannu ne ke gyara ta a hankali, kamar yadda ƙotar fartanya da taɓarya ke yin laushi bayan shekaru. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya wanda ba don ado aka yi shi ba.

Saboda haka saurayin da ya gaji garaya a gidansu cikin birni, yake tunanin kai ta wurin kafinta a shafe sandar don ta yi kama da jitar kanti, ya dakata. Wanda kuma ya riga ya mallaki jita mai sheƙi yana fama da maƙalewar hannu, yana iya goge bayan wuyan kaɗai da samfefa mafi laushi, a hankali, har ƙyallin ya dushe ba tare da an kai ga itacen ba. Kada a shafa man gyaɗa, domin ba ya bushewa, sai ya tara ƙura ya yi ɗoyi. Bayan watanni ana kiɗa, tafin hannu zai niƙe ƙananan tudun nan, wurin da babban yatsa ya fi zama ya koma yin sheƙi, sai a sake bi da samfefar.